Kafin ka sayi kare, ka fara tambayar ƙafafunka

Shekaranjiya da daddare ƙanina ya kira ni daga Kaduna, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce "Yaya, nawa ake sayar da kwikwiyo irin naka yanzu?" Ashe haura musu katanga aka yi aka kwance batirin sola guda biyu, ransa a ɓace, shi dai kare yake so gobe-gobe. Na ce masa ya bari sai ya shigo Zariya mun zauna, don maganar ta fi ƙarfin waya. Bayan mun yi sallama na daɗe ban yi barci ba, saboda ni ma haka na fara, da fushi da tsoro, kuma wanda ya sha wahalar gaggawar tawa ba ni ba ne, karen ne.

Ni a gefen Wusasa nake, sabuwar unguwa ce, gidaje jefi-jefi, ga kangaye ga gonaki a bayanmu. Farkon 2022 aka shiga mana aka ɗauke janareto, sati bai zagayo ba na je na ɗauko kwikwiyo ɗan sati 8, irin wanda muke ce wa Alseshan, wato karen Jamus, a kan naira 80,000. Yara suka sa masa suna Taiga. A lissafina a lokacin shikenan na gama kashe kuɗi, abin da ya rage ɗan ragowar tuwo ne da ƙashi. Wallahi wannan 80,000 ɗin ita ce mafi sauƙi a duk abin da na kashe a kansa har yau.

Tun satin farko aka fara. Mai walda ya yi keji, birkila ya zuba siminti a ƙasa ya ɗan karkata shi don ruwan wanki ya dinga fita, aka yi rumfar kwano sannan aka ɗora zana a sama don zafi, kwanon ci daban na ruwa daban, igiya, abin wuya wanda duk bayan ɗan lokaci sai ka canza saboda wuyan na girma. Sai allurai. Kwikwiyo ana fara masa rigakafi tun yana sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai wajen wata 4, ita kuma allurar haukan kare daga wata 3 ake yi sannan a dinga sabuntawa duk shekara. Wani abokina da muka ɗauko namu rana ɗaya daga uwa ɗaya ya ce wannan duk cin kuɗi ne, ya yi ta farko ya bari. Kafin wata biyu fabo, wata muguwar cutar hanji ta karnuka, ta kama nasa, amai da zawo da jini, wani irin wari da ba ka manta shi, an sa masa ruwa kwana uku amma bai tashi ba. Abin da ya kashe a kwana ukun nan ya ninka kuɗin alluran da ya ƙi yi, ga yaransa suna ta kuka. Idan aka ce rigakafi ya fi magani ni wannan kwikwiyon nake tunawa.

Ita allurar hauka kam ba ta da wani zaɓi, don ba ran kare kaɗai ba ne a ciki, har da ran yaranka da na maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta mutum kusan 59,000 ne ke mutuwa da ciwon duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma da yawansu yara ne. In alamun suka riga suka bayyana a jikin mutum to sai dai addu'a. A Vom kusa da Jos ana haɗa allurar karnuka a nan gida Najeriya, kuma duk 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon, wurare da yawa likitocin dabbobi kan yi ta kyauta ko a rage kuɗi, don haka babu uzuri. Kuma don Allah in kare ya ciji yaro, naka ne ko na titi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibiti a ranar, kar a tsaya shafe-shafe a gida.

Abinci shi ne ramin da ba ya cika. Da farko na buhu nake saya masa, wanda ake shigowa da shi daga waje, ga sauƙi, ka ɗiba ka zuba. Sai 2023 ta zo, aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki naira a Yuni, abin da ake saye da dala kuwa kowa ya san yadda ya koma, duk zuwan da zan yi shago sai na tarar da sabon farashi har na haƙura. Yanzu dafa masa muke yi. Garin masara ko tsakin shinkafa, ɗan waken suya da aka soya aka niƙa, kabewa ko karas in suna araha, sai abin da na samo a kwata, huhu, tumbi, fatar kai, wani lokaci kai da ƙafar kaza daga wajen masu fige kaji. Tukunyarsa daban, a murhun gawayi a bayan gida, kuma gawayin ma kuɗi ne mutane ba sa sa shi a lissafi. Ragowar abincinmu ba kowanne yake ci ba, don miyarmu cike take da albasa da tafarnuwa kuma suna lalata wa kare jini, ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke shi a ciki, cakulan da yara ke jefa masa don so guba ce a wajensa. Taiga yanzu kilo 33 ne, sau biyu yake ci a rana, kuma in na haɗa komai na cikinsa kawai ba ya kasa naira 30,000 a wata.

Wannan adadin yana damuna, ba zan ɓoye ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 70,000 ne tun 2024, ke nan cikin karena na cin kusan rabin albashin wani magidanci mai iyali. Akwai ranar da nake juya tukunyarsa almajiri ya yi sallama a ƙofa yana bara, na tsaya da muciya a hannu jikina ya yi sanyi. Abin da muka yanke ni da maman yara shi ne ba za a ɗora tukunyar kare a gidan nan ba sai an tabbatar akwai abin da za a miƙa wa wanda ya zo ƙofa, in ba za mu iya biyun ba to ba mu isa riƙe kare ba. Har yanzu muna iyawa, alhamdulillahi, amma duk wanda zai shiga harkar nan ya kamata ya yi wa kansa wannan tambayar tsakaninsa da Allah.

Sauran ƙananan kuma ba sa ƙarewa, maganin tsutsar ciki duk wata 3, maganin kaska musamman da damina don kaska na sa musu zazzaɓi mai shanye jini ka ga dasashi ya yi fari fat, ƙudajen da ke cin bakin kunne har ya yi gyambo, tsutsar nan da ke shiga fata in yana kwanciya a ƙasa mai danshi da fitsari, sabulun wanka, maganin wanke keji. Ranar da ba shi da lafiya ba mai Keke Napep ɗin da zai ɗauke ka da kare sai dai shata, shi ma sai ka yi ta roƙo, ko ka biya likita ya zo gida. Mu a Zariya mun yi sa'a akwai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a Samaru, wanda ke ƙauye mai nisa fa? Kuma kar wanda ya ba kare farasitamol ko ibuprofen ɗin gida wai don ya rage kuɗin likita, yana iya kashe shi.

To duk wannan kuɗi ne, in kana da shi ka biya ka huta. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne wanda ba a biya da kuɗi, kuma a nan ne na yi laifi.

Watannin farko bayan ya girma Taiga a keji yake wuni. Daga safe har ƙarfe 10 na dare yana kulle, in an rufe get a sake shi a tsakar gida, da asuba a mayar. Haka na ga kowa na yi, har ana cewa wai in mutane ba sa ganinsa ya fi zafi, in yana fita zai saba da jama'a ya lalace. Na yarda da wannan maganar ɗari bisa ɗari. Yana wajen wata 10 abubuwa suka fara canzawa. Ya dinga zagaye a cikin kejin, zagaye ɗaya hanya ɗaya kamar injin niƙa, yana bin jelarsa yana cizo, ya lashe ƙafarsa ta gaba har gashin wurin ya tafi ya zama ciwo, ya cinye kwanon roba biyu, da daddare kuwa haushi ba tsayawa ko ba komai, har dattijon da ke maƙwabtaka da mu ya tare ni bayan sallar asuba ya ce "Malam, karen nan naka lafiya kuwa? Mu fa ba ma barci." Na ba shi haƙuri na ce Baba in sha Allahu za a duba. Abin da ya tayar min da hankali shi ne ranar da 'yata ƙarama ta je zuba masa ruwa, ya yi tsalle ya danne ta da ƙafafu ya yaga mata hijabi. Bai cije ta ba, Allah Ya tsare, amma a daren na yanke shawarar rabuwa da shi.

Kafin nan na ce bari a duba ciwon ƙafar, na kira likita. Ya duba, ya wanke, ya tsaya yana kallon kejin, sai ya ce "Malam, sau nawa kake fita da shi a sati?" Na ce fita ina? Ya ce yawo. Na ce ai da daddare ana sakinsa a tsakar gida. Ya auna tsakar gidan da ido, ya girgiza kai ya ce "wannan ba ciwon fata ba ne, zaman kurkuku ne ya yi masa yawa." Ya ce min irin wannan karen asalinsa na kiwon tumaki ne, a Jamus aka fitar da irin tun 1899 don ya wuni yana zagaye garke, jikinsa da ƙwaƙwalwarsa duk an gina su ne don aiki, babba mai lafiya yana son wajen awa 2 na motsi a rana, ni kuma na sa shi a akwatin ƙarfe awa 16 ina mamakin ya haukace. Na ce Likita to ba zai lalace ba in ya saba da mutane? Ya ce karen da bai san mutane ba ba ya bambance ɓarawo da 'yarka, kowa abin tsoro ne a wajensa, wanda ya san yadda rana take shi ne ke gane abin da ba daidai ba da dare.

Maganar ta zauna min, don na san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, na kuma san na mutumin da ya shayar da kare mai ƙishi da huffinsa Allah Ya gafarta masa. Ni ina ciyarwa, amma na ɗauko rai na kulle don amfanin kaina ban taɓa tambayar me yake buƙata ba bayan tuwo. Malamai sun yi bayanin halaccin riƙe kare don farauta da kiwo da gadin gona, da yawansu sun haɗa da gadin gida in akwai buƙata, kuma muna kiyayewa, ba ya shiga ɗaki, kwanukansa daban, ina da kayan da nake sawa na fita da shi kawai. Amma halaccin riƙewa bai ɗauke min haƙƙinsa ba.

Ranar farko da na fita da shi ba zan manta ba. Ja yake kamar zai cire min kafaɗa, yana tari saboda abin wuya na shaƙe shi, ya ga akuya ya zabura, ya ga mai mashin ya zabura, leda ta tashi a iska ya ja da baya yana rawar jiki, a nan na gane wannan "zafin" da nake alfahari da shi tsoro ne zalla. Minti 15 muka yi muka dawo hannuna duk ya yi ja. Sati uku muka ɗauka kafin ya koyi tafiya a gefena, dabarar kawai ita ce in ya ja sai in tsaya cak, ba duka ba tsawa, sai igiya ta saki mu ci gaba, wani lokaci taku goma za mu yi mu tsaya sau biyar. Ɗan busasshen huhu a aljihu yana taimakawa sosai.

Yanzu tsarinmu shi ne ina dawowa daga masallaci da asuba in canza kaya mu fita, mu bi ta bayan unguwa ta hanyar gonaki mu nufi wajen dutsen Kufena mu dawo, wajen minti 50 zuwa awa ɗaya. In mun kai fili inda ba mutane ba dabbobi sai in sa masa doguwar igiya in dinga jefa masa tsohuwar ƙwallo, minti 10 na wannan ya fi rabin awa na tafiya gajiyar da shi. Kuma ina barinsa ya yi shinshine-shinshinensa, da ina jan shi in ya tsaya a gindin bishiya, daga baya na lura ranar da ya shinshina son ransa ya fi dawowa a natse, hancin nan shi ne rediyonsa, a nan yake jin labarin wanda ya wuce jiya. Da yamma bayan la'asar sakaliya babban ɗana ke yin zagaye na biyu, gajere, minti 20 ko 30. Ba ma cika awa biyun da likita ya ce, gaskiya, amma ba ma kasa awa ɗaya da minti 10 sai in ruwan sama ya hana. Abinci kuma sai mun dawo ya huta, don manyan karnuka in suka yi gudu da cikakken ciki cikin na iya murɗewa, kuma wannan kisa yake cikin awanni.

Lokacin zafi, Maris da Afrilu zuwa farkon Mayu, sai an yi hattara. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, ga gashi hawa biyu a jikin irin su Taiga. In rana ta ɗaga ba fita, na yamma ma mukan mayar da shi bayan magariba, ina tafe da gorar ruwa, kwalta kuwa sai na ɗora bayan hannuna a kai, in ban iya jurewa ba to tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana tallan Kokeshiyan a Facebook ana cewa ga zaki ga zaki, karen da asalinsa na duwatsun Kokesos ne masu ƙanƙara, a kawo shi Kano ko Sakkwato a sa a kejin kwano a watan Afrilu, a ɗauki hoto sau ɗaya a manta da shi. Wannan zalunci ne ko da nawa aka saye shi. Da hunturu kuma daɗin fita ake ji, sai dai ƙura da ƙaiƙayi, da kaka ga ƙarangiya tana maƙalewa tsakanin yatsunsa sai mun zauna na cire ɗaya bayan ɗaya.

Sai mutane. Fita da babban kare a unguwar Hausawa sai da lura, kuma ina ganin haƙƙinsu ne, ba kowa ke son kare ya matso shi ba, wani da alwalarsa zai tafi masallaci, mata da yara suna tsoro. Don haka ba na bi ta lungu, ba na bi ta gaban masallaci ko makarantar allo, in na hango mutum daga nesa ni ke sauka daga hanya in gajarta igiya in sa shi ya zauna har a wuce, in za mu ratsa inda jama'a suke ina sa masa takunkumi. Kashinsa ina kwashewa a leda, ba na bari a bakin gonar mutane. Yara 'yan jifa ne suka fi ba ni wahala da farko, sai na dinga tsayawa ina musu magana, yanzu su ne ke ɗaga hannu daga nesa suna kiran sunansa. Makiyayan da muke haɗuwa da su da safe tuni mun saba, nakan tsaya nesa da shanu mu gaisa, nasu karnukan siraran nan na gida suna biye da garke wuni guda, ba keji ba abincin buhu, kuma ban taɓa ganin ɗaya yana cin jelarsa ba. Da zan sake farawa karen gida zan ɗauka in yi masa allurai in kula da shi, ya fi jure zafi da kaska, cinsa kaɗan, kuma haushin da zai tashe ka in an taɓa get shi ma ya iya.

Cikin wata biyu da fara fita ciwon ƙafar ya warke gashi ya fito, zagayen ya daina, da rana ma yanzu ba a kulle shi sai in za a yi baƙi, yana kwance a inuwar dalbejiya. Haushin dare ya koma sai da dalili, har Baba maƙwabcina ya ce min yanzu in ya ji Taiga ya yi haushi tashi yake ya leƙa don ya san akwai wani abu. 'Yar tawa da ya yaga wa hijabi ita ke riƙe gorar ruwa ranar Asabar.

Amma fa ba hutu. Ranar da na kwana ina zazzaɓi yana bakin ƙofa da asuba yana jira. Da azumi bayan sahur da sallah, lokacin da kowa ke komawa barci, mu muna hanya. Tafiyar Sallah gida gaba ɗayanmu ta gagara, sai dai wani ya zauna ko in biya wanda karen ya sani ya kwana a gidan, don ba kowa zai iya buɗe masa ba balle ya fita da shi. Irin su kan yi shekara 10 har fiye, kuma in tsufa ya zo yawanci ƙugu ke fara ba su matsala, wani sabon kashe kuɗin kenan ga tafiyar ma sai a hankali.

Ƙanin nawa zai shigo ranar Juma'a. Na san aikinsa, ƙarfe 6 da rabi yake fita ba ya dawowa sai bayan isha'i, gidan haya ne tsakar gidan ko mota biyu ba ta ɗauka, matarsa kuma tsoron kare take. Na riga na gaya masa ya taho da takalmin da zai iya tafiya da shi, ranar Asabar da asuba shi zai riƙe igiyar Taiga har Kufena mu dawo, in mun dawo ya dafa masa ya wanke keji, sannan mu zauna in nuna masa littafin da nake rubuta kuɗin. Na kuma karɓo masa lambar mai waldan da ya yi min keji, don in ya fasa sai a yi wa batiran nasa akwatin ƙarfe mai kwaɗo a ƙara wa katangar waya.